Kwalekwalen Dufuna da Tukwanen Nok a Ajin Kimiyya na Sakandare

Ilimin tono kayan tarihi, wanda masana ke kira akiyoloji, shi ne nazarin rayuwar mutanen da suka shuɗe ta hanyar abin da suka bari a cikin ƙasa, kamar tsingaro da gawayi da ƙasusuwa da kashin maƙera, kuma ko da yake an saba jingina shi ga darasin tarihi, mafi yawan aikinsa awo ne da gwaji da lissafi. Matsayin wannan takarda shi ne cewa malamin kimiyya a sakandare yana da kayan koyarwa masu daraja a kufayen Najeriya da Nijar, waɗanda za su iya raba ɗalibi da haddar ƙa'idojin da bai san amfaninsu ba, su koya masa yadda ake kafa hujja daga abin da ido ya gani.

Misali mafi ƙarfi shi ne kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yau, aka kuma fito da shi a 1994 da haɗin gwiwar masanan Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt. Tsawonsa ya ɗan haura mita 8, yana kwance a zurfin kimanin mita 5, kuma gwaji ya nuna cewa ya kai shekara 8,000, abin da ya sa babu jirgin ruwan da aka sani a Afirka da ya girme shi. Tambayar da ɗalibi zai fara yi, kuma ya dace a bar shi ya yi ta da bakinsa, ita ce yadda aka san shekarun itacen da babu rubutu a jikinsa. Amsar tana cikin manhajar fizis da kemistiri. Kowace bishiya, muddin tana raye, tana shaƙar sinadarin kabon daga iska, a cikinsa kuwa akwai wani nau'i ƙalilan mai suna kabon 14 wanda ba ya zama daram, yana rikiɗewa sannu a hankali. Da zarar an sare bishiyar sai shaƙa ta tsaya, ragowar ya ci gaba da raguwa, ta yadda duk bayan shekara 5,730 rabinsa ke saura. Wannan tsawon lokaci shi ake nufi da wa'adin rabi, kuma Willard Libby ne ya mai da shi ma'aunin shekaru a ƙarshen shekarun 1940, aikin da ya jawo masa lambar Nobel a 1960. Ɗalibin da ya raba 8,000 da 5,730 zai ga cewa kwalekwalen ya wuce wa'adi ɗaya bai cika biyu ba, don haka abin da ya rage a jikinsa bai kai rabi ba amma ya fi kwata, kusan kashi 38 cikin 100.

Ana iya nuna wannan ba tare da na'ura ba. Idan aka ba ɗalibai murafen kwalbar lemo guda 100 suka watsa a kan tabarma, suka kwashe waɗanda suka kife, suka sake watsa ragowar suna rubuta adadin kowane zagaye, za su zana layin raguwar da hannunsu. Da wuya zagayen farko ya ba da 50 cif, kuma a nan ne darasin ya fi armashi, domin wannan ɗan saɓani shi ke bayyana dalilin da ya sa ɗakin gwaji ba ya faɗin shekara ɗaya tak, sai ya haɗa da tazarar ƙari ko ragi. Malamin ilimin halittu shi ma yana da rabonsa, tun da itacen bai ruɓe ba ne saboda ya daɗe a jiƙaƙƙiyar ƙasa inda ƙwayoyin da ke cin itace ba su samun isasshen oksijin.

Al'adar Nok, wadda aka fara ganin mutum-mutuminta na gasasshen yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza a kudancin Kaduna, ta fi dacewa da ajin kemistiri. A Taruga, ɗaya daga cikin wuraren Nok, an tono matoyar narka tama da ta haura shekara 2,000, kuma abin da ke faruwa a cikinta shi ne ainihin abin da littafin aji ke kira rage oksijin: gawayin da zugazugi ke hurawa yana fitar da iskar da ke fizge oksijin daga tama, ƙarfe ya dunƙule, dattin ya zama kashin maƙera. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Kano yana haddace wannan da hoton masana'antar Turai, alhali an yi irin wannan aiki a gindin Dala fiye da shekara 1,000 da suka wuce, kuma maƙerin unguwarsu zai iya nuna masa yadda launin wuta ke faɗin zafinta. A 2021 kuma an wallafa binciken da ya gano burbushin kakin zuma da ya shige cikin jikin tukwanen Nok, shaidar cewa mutanen suna ɗiban zuma kusan shekara 3,500 da suka wuce. A Gobero, cikin hamadar Tenere ta Nijar, ƙasusuwan giwan ruwa da kada da dorina da aka tono sun isa buɗe darasin sauyin yanayi.

Sharaɗi ɗaya ba ya karɓar sassauci, wato kada a kai ɗalibai su tona kufai na gaske. Tono ɓarna ce da ba ta gyaruwa, domin darajar abu tana tattare da matakin ƙasar da aka same shi, bisa ƙa'idar cewa na ƙasa ya riga na sama zuwa, kuma wuraren Nok sun riga sun sha wahala a hannun masu haƙa don sayarwa. A Najeriya, doka ta ɗora ba da izinin tono a kan Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Abin da makaranta za ta yi shi ne malami ya jera yashi da toka da jar ƙasa hawa-hawa a cikin akwati, ya binne tsingaro da gawayi da ƙwayar gero, ɗalibai su kankare sannu da cokali da burushi suna auna zurfi suna rubutawa, sannan a kai su gidan tarihi na Jos ko Gidan Makama a Kano su kwatanta bayanansu da na ƙwararru.