Wa zai biya kuɗin auna ruwan Arlit?



Tun 1971 kamfanin SOMAIR ya fara haƙo yuraniyom a Arlit. COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978, ya rufe a watan Maris na 2021, ya bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20, mai fitar da tururin guba. Ruwan da garuruwan biyu ke sha kuwa tsohon ruwa ne na ƙarƙashin hamada, wanda damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba.

To, wa ya auna wannan ruwa? Shekara da shekaru, alƙaluman da ake ji na kamfani ne. A watan Disamba na 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Arlit ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa. An riƙe musu kayan awo a filin jirgin Yamai, amma duk da haka sun gano ƙarafa masu guba ana sayarwa a kasuwa. A 2009 Greenpeace ta ɗebi ruwa kashi 5, ta tarar yuraniyom ɗin da ke cikin 4 ya zarce iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya. Baƙi ne suka auna, kwana kaɗan suka yi, suka koma gida.

Tambayoyin da suka rage ba na kwana kaɗan ba ne. Ina gubar ke bi a ƙarƙashin ƙasa? Rufin da ake yi wa dusar Akokan zai jure iska da zafi shekara nawa? Irin wannan bincike kasada ne: yana iya cin shekara 10 bai ba da amsa ba, ko ya ba da amsar da manya ba su so. Kamfani ba zai biya shi da zuciya ɗaya ba, kuma Hausawa sun ce in baki ya ci, ido kan ji kunya.

Ƙasa tana da masana a jami'ar Abdou Moumouni da jami'ar Agadas. Abin da ya kamata a ba su shi ne asusu mai zaman kansa, daga kuɗin ma'adinai, bisa sharuɗɗa 3: masana su zaɓi aikin da za a tallafa wa, tallafin ya daɗe, sakamako kuma a bayyana shi ga kowa, da daɗi ko ba daɗi.

Ɗan kasuwa ya san ba kowace tafiya ke kawo riba ba, amma bai fasa loda mota. Tun da gwamnati ta karɓe SOMAIR a watan Yuni na 2025, alhakin ruwan Arlit ya ƙara hawa wuyanta. Ma'aikacin da ke tsara kasafi da ɗan kasuwan da iyalinsa ke shan ruwan, su ne za su tambaya: nawa aka ware wa masu awo?