Abin da Ya Haɗa Saniyar Adar da Faɗuwar Naira

Jawabin da aka yi wa wakilan rassa a Tawa

Barkanku da zuwa, mutanen Keita da Barmu da Tabalak da Abalak. Yau maganar kasuwa za mu yi. Sau da yawa makiyayi yakan kawo sa mai ƙiba kara ranar Lahadi, damina ta yi kyau, babu ciwo a garke, amma a taya shi da kuɗin da bai kai na bara ba. Ya ce dillali ya cuce shi. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa cutar daga nesa ta taso, kuma wajibi ne kowane ɗan jam'iyya ya san hanyar da take biyowa.

Wannan ba baƙon abu ba ne. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta birnin New York ta rushe. Kakanninmu ba su taɓa jin sunan garin ba, amma masana'antun Turai suka rage saye, gyaɗa da fata suka faɗi warwas. Nasara kuwa bai daina karɓar lanho da tsabar kuɗi ba. Da fara ta zo, yunwar 1931 ta tarar da talaka hannunsa wayam.

To, mu zo ga zamaninmu. Yawancin bisashen da ke fita daga Adar Nijeriya suke nufa, ta iyakar Ƙonni. Ita kuwa Nijeriya da man fetur take samun dalar Amurka. A tsakiyar 2014 gangar mai ta fi dala 100. A Janairu na 2016 ba ta kai 30 ba. Dala ta yi wuya a Legas. A watan Yuni na 2016 babban bankin Nijeriya ya saki naira, dala ɗaya ta tashi daga naira 197 zuwa wajen 280. Aka sake a Yuni na 2023, har a farkon 2024 dala ta haura naira 1,500.

Ku duba yadda abin yake tafiya. Sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya wajen sefa 656, ba ta motsi. Idan naira ta faɗi, falken Sakkwato tilas ya ƙara tulin naira kafin ya sami jika guda. Mahaucin Legas kuwa ba zai biya shi wannan ƙari ba. Sai falke ya rage tayi, ko ya ƙi zuwa sam. Kara ta cika da bisashe, masu saye kaɗan. Saniya kuwa ita ce bankin Ba'adare: da ita yake aure, da ita yake sayen hatsi. Garken da bai ragu da ko ɗan maraƙi ba, sai ga shi darajarsa ta zube. Ɗanmu da ya tafi bida Kano ya aiko da naira, in an canza ba ta cika buhu. Gaskiya ne kayan Nijeriya sukan yi mana araha a lokacin, amma mai saye da me zai saya, in abin sayarwarsa ya yi kwantai?

Kada kuma mu ce sefa ta fi ƙarfin faɗuwa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka rage mata rabin daraja, bayan taron Dakar. Magani da duk kayan Turai suka yi tsada. Wa ya shawarci talakan Adar? Babu.

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Saboda haka ga abin da muke so kowane reshe ya yi.

Na ɗaya, a ajiye littafi. Kowace ranar kasuwa magatakarda ya rubuta kuɗin sa, da na rago, da na tiyar hatsi, da canjin naira, ya aiko Tawa. Mu kuma za mu buga a wannan takarda.

Na biyu, a gargaɗi jama'a kada su ba da bisa bashi da lissafin naira.

Na uku, wanda zai sayar ya sayar da kaka, sa'ad da bisa ke da nama hatsi kuma yana araha, a ƙarfafa rumbun tsimi na gari.

Na huɗu, mu matsa wa hukuma ta nemo wa namanmu da fatarmu wasu kasuwanni, domin mai ƙofa ɗaya in ta toshe ya shiga uku. Kuma duk shawarar da za a yanke a kan kuɗin da ke aljihunmu, lalle a ji muryarmu a ciki.

Ku koma ku karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba. Allah ya kai ku gida lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.