Yadda Ƙaramar Babbar Manhaja Ke Aron Kayan Maƙwabciyarta: Misalin pkgsrc da MINIX



Duk wanda ya rubuta sabuwar babbar manhaja, wato tsarin da ke sarrafa kwamfuta, yana cin karo da matsala ɗaya ranar da ya gama: ga tsari ya tashi, amma babu abin da mutum zai yi da shi. Babu manhajar shiga intanet, babu Python, babu ma'ajiyar bayanai. Mutum goma ba za su iya sake rubuta waɗannan ba ko da za su ƙare rayuwarsu a kai. Dole a yi aro. Yadda ake fara wannan aron shi ne batunmu na yau.

A 1994 Jordan Hubbard ya fito da tarin ports na babbar manhajar FreeBSD. Kowane ƙunshi a cikinsa umarni ne kawai: ga inda za a sauko da rubutun asali na manhajar, ga facin da za a yi mata, ga waɗanda sai an girka su kafin ita. A 1997 mutanen wata babbar manhajar, NetBSD, da Alistair Crooks a cikinsu, suka ɗauki wannan tari suka mayar da shi pkgsrc. Da yake NetBSD ta saba gudana a kan injina iri-iri, sai suka gina shi yadda zai iya barin gida. A 1999 ya isa Solaris da Linux, daga baya Darwin na kamfanin Apple. Yau yana ɗauke da ƙunshi fiye da 20,000.

To, a nan gizo ke saƙar. Shi pkgsrc ba ya motsi sai da bmake, irin make na NetBSD, kuma ba ya iya rubuta abin da ya girka sai da pkg_install. Su biyun kuma ƙunshi ne a cikin pkgsrc ɗin. Kamar maƙeri ne da ke son ƙera awartaki, alhali sai da awartaki zai riƙe jan ƙarfen. Mafitar ita ce ɗan rubutaccen jerin umarni mai suna bootstrap, wanda ba ya neman komai daga baƙon tsari sai sh da manhajar harhaɗa C da ƴan ƙananan kayan aiki. Yana fara tambayar tsarin sunansa. Sai ya harhaɗa bmake da kansa ba tare da taimakon pkgsrc ba, ya gina libnbcompat, wanda ke cike gurbin ayyukan da laburaren mai masauki ba shi da su. Idan awk ko sed na gidan ba su da tabbas, ya kawo nasa. Da zarar bmake da pkg_install sun tsaya da ƙafarsu, sai a yi amfani da su a sake girka su ta ƙa'ida, a yi musu rajista kamar kowane ƙunshi. Komai yana sauka a /usr/pkg, ba ya taɓa kayan mai gida.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari shi ne inda aka tara bambancin. Kusan duk abin da ya raba wani tsari da NetBSD ana rubuta shi a ƴan fayiloli ƙalilan a ƙarƙashin mk, kowane tsari da nasa. Galibi masu kula da dubban ƙunshin ba sa bukatar sanin baƙon tsarin.

MINIX ita ce ta gwada wannan har ƙarshensa. Andrew Tanenbaum na jami'ar Vrije da ke Amsterdam ya fitar da ita a 1987 don koyarwa, kuma a kanta Linus Torvalds ya fara aikin Linux. A 2005 MINIX 3 ta fito da burin zama tsarin da direba, wato manhajar da ke sarrafa wata na'ura, zai iya mutuwa a cikinsa a sake tayar da shi ba tare da kwamfutar ta faɗi ba. Wajen 2010 ta rungumi pkgsrc. Matakin farko ya wuce, amma ƙunshi da yawa suka ƙi harhaɗuwa, domin masu rubuta su sun ɗauka cewa akwai abubuwan da MINIX ba ta da su, irin su laburaren da ake rabawa tsakanin manhajoji da wasu kiraye-kirayen tsari. Zaɓi biyu ne: a yi wa kowane ƙunshi faci, ko a canza MINIX kanta. Sun zaɓi na biyu. A fitowa ta 3.2.0 a 2012 suka ɗauko laburaren C na NetBSD da manhajar harhaɗawa ta Clang da ELF, wato fasalin fayilolin manhaja. Zuwa 3.3.0 a 2014, kusan duk abin da mai amfani ke taɓawa na NetBSD ne, ƙwayar ciki da manhajojin da ke yi mata hidima ne suka rage na MINIX.

Akwai masu ganin wannan a matsayin sayar da kai. Ni ban yarda ba. Abin da Tanenbaum ke son nunawa yana cikin ƙwayar, ba a cikin ls ko cp ba, kuma kowane faci na gida bashi ne da za a sake biya duk wata uku, lokacin da pkgsrc ke fitar da sabon reshe. Sai dai aron yana bukatar hannuwa masu ci gaba da bibiya, kuma tun 2014 MINIX ba ta sake fitar da kammalallen bugu ba. DragonFly BSD ma ta zauna da pkgsrc shekaru, sannan a 2013 ta koma tarin FreeBSD, wanda ya fi kusa da asalinta, don facin da take bukata a can ya fi kaɗan.

Ku ɗalibai, ba sai kun rubuta babbar manhaja za ku ga wannan da idonku ba. Bootstrap yana karɓar umarnin --unprivileged, wanda ke girka komai a cikin jakarku, ko da ba ku da izinin mai kula da kwamfutar sashe. Ku gwada a kan Linux, ku tsaya a kuskuren farko da ya fito, ku binciko abin da ƙunshin ya zata zai tarar bai tarar ba. Idan kun gyara, ku aika facin ga masu pkgsrc domin ya shiga reshe na gaba.