Kasuwa mai mai-saye ɗaya

Yau hirarmu ta tarihin ciniki ce.

Ku ɗauka kun noma gujiya. Kun kai kasuwa. Sai aka ce mutum ɗaya tak za ku saida wa, shi zai yanka kuɗi, kuma wurinsa kaɗai za ku sayi gishiri da tufafi. Wa ya ci riba? To, haka Faransa ta yi da ƙasashen da ta mallaka a zamanin sarki Luwi na 14.

Sarkin yana da minista mai suna Kolbar. A ganinsa, arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfa. Saboda haka a saida wa waje da yawa, a sayi kaɗan, kuɗi su tsaya gida.

Faransa tana riƙe da tsibirai can hayin teku, wajen Amurka, kamar Martinik da Gwadalup. Rake ake nomawa can. Mutanen Holanda ke zuwa da jiragen ruwa suna sayen sukari, kayansu kuma da araha. Kolbar bai so haka ba. A 1664 ya kafa kampani guda, ya ba shi cinikin tsibiran duka. Kaya suka yi tsada, suka yi wuya, har masu gonaki na Martinik suka yi bore. A 1670 aka hana jirgin baƙi tsayawa can. Kampanin ya mutu a 1674, amma hanin bai mutu ba. Fasa-ƙwauri kuwa sai ya ƙaru.

Ku saurari wannan da kyau. Ɗanyen sukari ba shi da kuɗi kamar fari. Ribar tana wurin tacewa. A 1684 aka hana gina sabbin gidajen tace sukari a tsibiran. Sai a loda ɗanye a jirgi, a kai garuruwa irin su Nant, a tace, a saida da tsada. Aiki da riba suka zauna Faransa.

Masu gonaki sun yi kuka, amma ba su ke riƙe da adda ba. Masu saran rake bayi ne, ƴan Afirka. Ana ɗauko su daga bakin teku, har da tsibirin Gore na Senegal, wanda Faransa ta ƙwace a 1677. Su ba a saye wurinsu, ba a saida musu. A dokar 1685 ma, cikin dukiya aka lissafa su.