Ku Duba Abin Wasa Kafin Ku Saya

Yau maganarmu a kan kayan wasan yara ce. Wani zai ce, ashe dattawa da gemu za su zauna zancen 'yar tsana? To, ku saurara tukuna.

Dā a nan ƙasar Baure yaro shi ke yin abin wasansa. Ya feƙe kara ya yi mota, yarinya ta sami ƙashi ta yi masa kitso ta goya. Uwa ta san abin da aka yi su da shi. Yanzu kuwa, in salla ta matso, ko lokacin Gani a Daura, sai ka ga tebur cike da motar roba, da bindiga, da balan-balan, da waya mai kiɗa. Da yawa daga Sin ake yo su. Ba mu san maƙerinsu ba, ba mu kuwa san abin da ya zuba ciki ba.

Ƙaramin yaro kome ya samu sai baki, maƙogwaronsa kuwa ƙanƙane ne. Saboda haka masu gwada kayan wasa suna da wani ɗan bututu, faɗin bakinsa inci ɗaya da kwata. Abin da ya shige cikinsa duka, ba a yarda a yi shi domin yaron da bai kai shekara 3 ba. Sa'an nan sukan ja idon 'yar tsana, su murɗa ƙafar mota, su yar da ita ƙasa, su ga ko wani abu zai ɓalle. Mu ba mu da bututun, amma muna da hannu. Haɗa babban yatsa da manuniya su yi zobe. Abin da ya wuce ta ciki, a nisanta shi da mai rarrafe. Fasasshen balan-balan ma haka, domin yakan manne a maƙogwaro ya toshe numfashi.

Ga inda karatunmu zai yi rana. A bayan kwali sau da yawa za ku ga jan da'ira, an ja layi a kanta, ciki da fuskar jariri ya ɓata rai, da lamba 0-3. Ba ado ba ne. Ma'anarta, kada a ba yaron da bai cika shekara 3 ba. Wanda ya iya lamba ya iya karanta wannan, ko bai san Turanci ko kalma ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani, watau dalma a cikin fenti. Mun ji aikin dalma a Zamfara cikin 2010, inda aka riƙa niƙa dutsen zinariya a gida, ƙurar ta gauraya da ƙasar da yara ke wasa, yara wajen 400 suka rasu. Wadda ke cikin fenti kaɗan kaɗan take shiga, yaro na tsotsa, tana dakushe masa ƙwaƙwalwa ba a sani ba. Cikin 2007 a Amurka, kamfanin Fisher-Price ya janye kayan wasa wajen miliyan 1 daga kasuwa saboda ita. In babban kamfani ya faɗa wannan rami, ina ga kayan da ba ko suna a jikinsu? Abin da fentinsa ke ɓarewa in ka kankara da farce, bar wa mai shi.

Wa ke tsaron wannan a Nijeriya? Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971. Kayan wasan da za a shigo da su, sai an gwada su tun a can, an ba da takardar shaida mai suna SONCAP, kana kwastan su sake su. Doka ke nan, mai kyau kuwa. Amma mu mazauna bakin iyaka mun sani ba kowane kaya ke bin ƙofa ba. Wanda ya biyo ɓarauniyar hanya ba wanda ya gwada shi.

Saura batir. Motar nan mai walƙiya da wayar nan mai kiɗa, ɗan batir ne a ciki kamar maɓallin riga. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale, cikin awa 2 yana iya ƙone masa hanyar abinci. Ku duba murfinsa, in ba a ɗaure shi da kusa ba, kada ku saya. In har ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a jira gobe, sai asibiti nan da nan. In ya wuce shekara 1, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu kowane minti 10 a kan hanya. Zumar ba ta fid da batir, rage ƙunar kurum take yi kafin a ga likita.

Ran kasuwa mai zuwa, kowa ya nemo kwalin abin wasa guda, ko yasasshe ne, ya zo da shi aji mu nemi lambar nan tare.