Maganin Ƙarfin Maza: Lacca Ga Magidantan Akokan



Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar COMINAK, ma'aikata wajen 600 suka rasa aiki, ban da 'yan kwangila. Magidancin da ya saba da albashi da asibitin kamfani ya koma kwana da tunanin cefane. Irin wannan damuwa kaɗai tana iya raunana gaban namiji, kunya kuma ta hana shi faɗa wa likita. Sai ya lallaɓa wajen mai tallan magani a kasuwa, ya rage murya, ya ce a ba shi "na maza".

Ƙwayar da ake miƙo masa galibi sildenafil ce, wadda kamfanin Pfizer ya fara gwadawa don ciwon ƙirji na zuciya kafin Amurka ta amince da ita a 1998 da sunan Viagra. Aikinta buɗe hanyoyin jini, kuma nan haɗarin yake. Mai shan maganin zuciya irin su trinitrine ko isosorbide, in ya haɗa da ita, jininsa na iya faɗuwa warwas, har ta kai ga rasa rai. Mai tallan ba ya tambayar kowa abin da yake sha.

Ƙa'idarta a fili take: miligiram 25, 50 ko 100 gwargwadon yadda likita ya rubuta, awa guda kafin saduwa, sau ɗaya tak a yini. Ƙara ta biyu ba ya ƙara ƙarfi, illa ciwon kai da jiri. Wanda gabansa ya miƙe ya wuce awa 4 bai kwanta ba, ya tafi asibiti a daren, domin jinkiri na iya kashe gaban har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan haɗari.

Ita kanta ƙwayar kasuwa abar tuhuma ce. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ɗaya cikin magunguna 10 a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci. Ga shi ana so a adana ƙwayar ƙasa da digiri 30, alhali bazarar nan yankin Arlit tana haura 40, magani na kwance a faranti cikin rana. Ko zumar "gargajiya" ba ta tsira ba: a 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gano sildenafil da 'yar'uwarta tadalafil a ɓoye cikin irin wannan zuma.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, raunin gaba sau da yawa shi ne alamar farko ta ciwon suga, hawan jini ko toshewar jijiyoyin zuciya, shekaru kafin ciwon ya fito fili. Ƙwayar faranti tana rufe wannan alama, cutar na ci gaba da cin mutum.

Don Allah, duk wanda ya ga canji a jikinsa, ya je a auna masa jini da suga, ya nuna wa likita duk magungunan da yake sha, sannan ya sayi abin da aka rubuta masa a farmasi mai lasisi.