Aiki Ya Ƙaru, Lada Ya Ragu?

 

An roƙe ni in yi magana a kan wata tambaya da ake yi a ko'ina, a kasuwa, a gona, har a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada. Tambayar ita ce: gaskiya ne talaka yana ƙara shan wahalar aiki, amma abin da yake samu yana raguwa? Tsofaffi suna cewa haka ne. Waɗansu matasa kuwa suna cewa ai tsoho kullum yabon jiya yake yi. Bari mu ajiye gardama, mu yi lissafi tare.

Naira nawa, ko me za ta saya?

Mu fara da mafi ƙarancin albashi, wato kuɗin da doka ta ce kada a biya ma'aikaci ƙasa da shi a wata. A Nijeriya an fara wannan doka a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, a kan naira 125. A 2000, zamanin Obasanjo, ya zama naira 5,500. A 2011 Jonathan ya sa hannu a kan 18,000. A 2019 Buhari ya kai shi 30,000, sa'an nan a watan Yuli na 2024 Tinubu ya mai da shi 70,000.

Wanda ya ji wannan zai ce ma'aikaci ya ci gaba ƙwarai. Amma ba a tuƙa tuwo da takardar kuɗi. Abin da ya kamata mu tambaya shi ne, me kuɗin zai saya?

Mu auna da man fetur, tun da farashinsa sananne ne, kuma yana taɓa kowa: injin niƙa, babur, injin ban ruwa, da motar da take kai hatsinmu kasuwa. A 1982 lita ɗaya kwabo 20 ce, saboda haka naira 125 za ta sayi lita 625. A 2000 lita ta kai naira 22, albashin zai sayi lita 250. A 2011 lita naira 65 ce, wato wajen lita 277. A 2019 lita naira 145, wajen lita 207 ke nan. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da cire tallafin mai, kafin ƙarshen 2024 kuwa lita ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A wannan farashi naira 70,000 ba ta kai lita 70 ba. Daga lita 625 zuwa 70. Ku riƙe wannan a zuciya.

Wani zai ce ai man fetur dabam ne, domin dā gwamnati ce take biyan wani kashi. Gaskiya ne. To, mu duba abinci. A watan Yuni na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce farashin abinci ya tashi da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara ɗaya. Ma'anarsa, cefanen da uwargida ta yi da naira 1,000 a Yunin 2023, sai da naira 1,400 a Yunin 2024. A duk wannan lokaci mafi ƙarancin albashi yana tsaye a kan 30,000 tun 2019. Haka kuma darajar naira. A 1981 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya, albashin naira 125 ya kai wajen dala 200. A 2024 naira 70,000 ba ta kai dala 50 ba. Wannan ya shafe mu, domin magani, kayan gyaran babur, maganin feshi da abubuwa da yawa da muke saya, da dala ake shigo da su.

Saboda haka tsofaffinmu ba mafarki suke yi ba. Yawan kuɗin ya ƙaru, ƙarfinsa ya ragu.

Dokar da ba ta iso ƙauye ba

Yanzu ku duba cikin wannan taro. Mutum nawa ne a nan suke karɓar albashin wata? Kaɗan ne. Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta keɓe wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ta keɓe masu aikin jinga, da masu aikin kwanaki na gona. Hukumar Ƙididdiga kuma ta nuna cewa fiye da mutum 9 cikin 10 na masu aiki a ƙasar nan ba su cikin aikin ofis ko kamfani mai rajista. Su ne manoma, 'yan ƙwadago, 'yan acaɓa, birkiloli, teloli, masu tuyar ƙosai da masu tallar itace. Babu takardar da take kare su, babu fansho, babu hutun rashin lafiya.

Akwai lokacin da ɗan ƙauye zai tafi Kaduna ya sami aiki a masaƙun Kakuri, ya riƙa aiko da kuɗin makaranta gida. Masaƙar Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta. Jikokin waɗancan ma'aikata yau suna kan babur daga asuba har dare, suna biyan mai babur balas kowace rana kafin su ga nasu. Mai albashin ma ba kullum yake ganinsa a kan lokaci ba. Kun tuna a 2015 jihohi da yawa sun yi watanni ba su biya ma'aikata ba, har gwamnatin tarayya ta ba su rancen ceto. Shi ya sa malamin firamare yake tashi daga aji ya wuce gona, ya dawo ya hau acaɓa. Aiki uku yake yi domin ya riƙe gidan da mahaifinsa ya riƙe da aiki ɗaya.

Gona ma ta canza

Manomi ba ya karɓar albashi, amma shi ma lissafinsa ya canza. A ƙidayar 1991 mu wajen miliyan 89 ne a Nijeriya. A ta 2006 mun kai miliyan 140. Yau mun wuce miliyan 200. Ƙasar noma kuwa ba ta haihuwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki da yawa suke rabawa. Dā akan bar gona ta huta shekaru, ta zama saura. Yanzu kowace damina sai an nome ta. Ƙasa ta gaji, wuta-wuta tana cin dawa da masara, in ba a sa takin zamani ba kuwa masara ba ta yi. A waɗansu wurare rashin tsaro ya hana zuwa gonaki masu nisa, masu albarka.

Ga kuma tsohuwar matsalarmu. Da kaka, lokacin da hatsi yake araha, muna sayarwa domin kuɗin makaranta, biyan bashi da hidimar Kirsimeti. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, muna sayen hatsin nan da tsada. A 2025 manoma da yawa sun ga wani sabon abu: farashin masara da shinkafa ya faɗi, na taki kuwa bai sauko ba. Mai saye ya ɗan numfasa, mai noma ya yi asara.

Kada mu manta da mata. Ɗiban ruwa, itace, surfe, girki, renon yara da jinyar marasa lafiya, babu wanda yake biya. Duk lokacin da kuɗin gida ya kasa, mace ce take ƙara wata sana'a a kan waɗannan.

Abin da ya yi sauƙi

Gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗi ɗaya gefen. Ba kome ne ya fi kyau a dā ba. Iyayenmu mata sun yi niƙa a kan dutse, yau akwai inji. Inda aka sami rijiyar burtsatse, tafiyar rafi ta ragu. Maganin ciyawa da garmar shanu sun rage duƙawa. Da wayar hannu mutum yana jin farashin kasuwa kafin ya ɗaura kaya. Yara da yawa suna rayuwa saboda allurar rigakafi. Sai dai kusan dukan waɗannan da kuɗi ake samunsu. Kakanninmu sun fi mu zub da gumi, amma ba su bukaci kuɗi kowace safiya kamar mu ba. Mu kuwa kati, mai, taki, makaranta da asibiti duk suna jiran aljihunmu. Nan ne nauyin ya ƙaru.

Me za mu iya yi?

Ba mu ne muke sa farashin dala ko na mai ba. Amma akwai abin da yake hannunmu.

Na ɗaya, mu riƙa auna lada da mudu. Kowace ƙungiya ta sami littafi ɗaya, ta riƙa rubuta ladan yinin ɗan ƙwadago da farashin mudun masara ko dawa kowane wata. Bayan shekara ɗaya za ku gani da idonku ko yinin aiki yana ciyar da gida ko ba ya ciyarwa.

Na biyu, mu yi wa juna adalci. Mai gona yana kuka ladan ƙwadago ya yi tsada. Ɗan ƙwadago yana kuka ladan ba ya isa cefane. Dukansu gaskiya suke faɗi, kuma a benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. A yi ciniki kafin a fara aiki, a biya a ranar da aka gama. Tun muna yara aka koya mana kada hakkin ma'aikaci ya kwana a hannunmu. In mace ta yi aiki daidai da namiji, a biya ta daidai da shi. In an yarda, a biya rabi da kuɗi, rabi da hatsi, domin hatsi ba ya narkewa kamar naira.

Na uku, mu duba cikin gida. Mai gadin makarantarmu, malaman da muka ɗauka, mai bishara da yake ƙauye mai nisa, yaushe rabon da a duba abin da ake ba su? In kuɗi ya kasa, ikilisiya tana iya noma musu gona ko ta auna musu hatsi da kaka.

Na huɗu, mu raya gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje biyar da suke yi wa juna huɗa da girbi bi da bi sun rage kuɗin da zai fita daga kowane gida, gwauruwa ma ta sami mai taimako.

Na biyar, mu daina sayar da kome da kaka. Ƙungiya tana iya tara hatsi a rumbu ɗaya, da makulli biyu da littafin lissafi da za a riƙa karantawa a gaban kowa. Buhun PICS mai ninki uku yana ajiye wake da masara watanni ba tare da magani ba, in hatsin ya bushe sarai kuma an ɗaure bakin da kyau. Amma ku bi farashi a hankali, kada ku ci bashi domin ku saye ku ajiye, gama 2025 ta nuna farashi yana iya faɗuwa. Ajiyar farko ta ci ce.

Na shida, adashi yana da kyau, amma kuɗin da ya daɗe a akwati yana rasa ƙarfi. Wanda ya kwashi adashi ya mai da shi akuya, iri ko kayan sana'a da wuri.

Na bakwai, mu yi magana. An gyara doka a 2024 cewa a riƙa duba mafi ƙarancin albashi bayan shekara uku maimakon biyar. Ku tambayi kansilanku da ɗan majalisarku ko ana biyan malamai da ma'aikatan asibitin garinku a kan lokaci. Ku je a ƙungiyance, da ladabi, da littafin lissafinku a hannu.

Sa'ad da kuka koma ƙungiyoyinku, ku tattauna waɗannan tambayoyi uku. Ladan yini ɗaya a ƙauyenmu mudu nawa yake saya yau, nawa kuma yake saya lokacin da dattawanmu suke samari? Wane ne a cikinmu yake aiki da yawa ba a biyansa, ko ana biyansa a makare? Wane abu ɗaya za mu fara kafin girbi mai zuwa, wa kuma zai riƙe littafin?